Yadda ake kallon fim ɗin Chanis na zamanin mamayar Japan

Mu nan Katsina da an kunna fim ɗin Chanis kowa duka yake jira, wani ma tura shi gaba yake ta yi har sai akto ya haɗu da bos. To waɗanda aka yi kan lokacin da Japan ta mamaye Chaina ba haka ake kallonsu ba wallahi.

Fara sanin lokacin tukuna. Yaƙin ya ɓarke gadan-gadan a 1937 bai ƙare ba sai 1945. In za ka fara, ɗauki Ip Man na 2008 wanda Donnie Yen ya fito a ciki, a garin Foshan labarin yake, shi Ip Man ɗin gwanin faɗa ne mai rufin asiri da katon gida, sojan Japan suka ƙwace gidan ya koma kwasar kwal don matarshi da ɗanshi su samu na bakin salati. Nan ne fa mutane ke turawa gaba, kai kar ka tura, zauna ka ga yadda yake boye yunwarshi a gaban iyali.

Sannan ka sa ido kan shinkafa. Sojojin na ba da buhu ga duk wanda ya doke ɗan karatensu, malaman faɗa masu mutunci suna shiga fili saboda ciki, shi kuma Ip Man da ya tashi ya nemi mutum goma a lokaci guda ya gama da su, ya fita bai karɓi ladan ba. Ni duk sanda na zo wajen nan sai jikina ya yi sanyi.

Salon nashi sunanshi Wing Chun, faɗa ne na kusa-kusa da naushi mai sauri a jere, duk wanda ya saba kallon dambe zai lura babu ɗaga hannu a jira kisa ɗaya.

In mai fassarar Hausa ka samu ba laifi, amma dan Allah ka sake kallon na asali, wani lokacin mai fassara na cusa barkwanci a inda ya kamata a yi shiru.

Kuma ka faɗa ma yaran da kuke kallo tare cewa faɗan ƙarshe da janar ɗin Japan ƙirƙira ce ta masu fim. Ip Man dai mutum ne na gaske, ya koma Hong Kong a 1949, can ya koyar da Bruce Lee, ya rasu a 1972.