Yadda direba mai motar kansa zai samu lodi daga Gadarif zuwa Bur Sudan

Da farko ka san lokaci. Ana girbin riɗi a Oktoba da Nuwamba, dawa ta biyo baya, a nan ne kaya ke neman mota a Gadarif, a gabashin Sudan.

Ka yi sammako zuwa kasuwar amfanin gona. Ka nemi dillali, wanda Larabawa ke kira simsar, ka faɗa masa nauyin da motarka ke ɗauka da ranar da za ka tashi. Kada ka tsaya kan mutum guda. Ka tambayi 'yan uwa direbobi wane ne ke cika alkawari.

Sai ciniki, kuma nan ya kamata ka natsu. Tafiyar ta kusa kilomita 800, ta Kasala da Haya, ga gangaren dutse bayan Sinkat mai cin birki. Ka lissafa gas da abincin yaron mota da kuɗin hanya kafin ka buɗe baki. A yanke la'adar dillali, a bayyana wanda zai biya 'yan dako da kuɗin kwanan mota idan sauke kaya ya yi jinkiri. Ka karɓi kafin alƙalami, ko a hannu ko ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, tun mota ba ta motsa ba.

A ƙirga buhuna a gabanka, a rubuta adadin a takardar kaya.

Tun kana Kasala ka fara kiran kamfanonin fito na tashar jirgin ruwa ta Bur Sudan, ko akwai fulawa ko sukari na dawowa. In ka sauke lafiya, ka karɓi lambar ɗan kasuwar da ka ɗauko wa kaya, domin lodi na gaba ku yi kai tsaye.