Yadda ake gwajin CK a jini don gane ko tsoka ta ji rauni

A cikin tsokar mutum akwai wani sinadari da likitoci ke kira creatine kinase, a taƙaice CK, wasu takardun asibiti kuma su rubuta CPK. Shi ke taimaka wa tsoka ta samu ƙarfi nan take idan za ta yi aiki. Muddin tsoka na lafiya, ɗan kaɗan ne ke fita cikin jini. Da zarar ta murje ko ta lalace, sai ya tsiyayo, adadinsa ya hau.

Iri uku ne. CK-MM na tsokar jiki ne, ta cinya da dantse da baya, kuma kusan duk CK ɗin da ke jinin mai lafiya shi ne. CK-MB ya fi yawa a tsokar zuciya. CK-BB na ƙwaƙwalwa ne, da wuya a same shi a jini. Rarrabe su shi ke nuna wa likita inda ɓarnar ta fito.

Da farko, likita ne zai rubuta gwajin. Yakan nema idan akwai ciwon tsoka mai tsanani, ko raunin gaɓɓai har mutum ya kasa tashi daga tsugune, ko fitsari ya koma kalar ruwan shayi, ko bayan haɗarin mota, duka, jijjiga ko saran maciji. Haka nan yaro namiji da ke yawan faɗuwa, yana dafa gwiwoyinsa kafin ya miƙe, ana duba masa CK saboda ciwon tsoka na gado da ake kira Duchenne.

Mataki na biyu shi ne shiri, kuma nan ne aka fi samun kuskure. Ba a buƙatar zama da yunwa. Abin da ake buƙata shi ne ka faɗa wa likita duk abin da jikinka ya sha a kwanakin baya. Ka buga ƙwallo shekaranjiya? Ka wuni kana huɗa a gona, ko ɗaukar buhuna, ko ɗaga ƙarfe? Duk suna ɗaga CK, wani lokaci ninki da yawa, alhali lafiyarka ƙalau. Allurar da aka yi maka a ɗuwawu a kemis ma tana ɗaga shi, ga shi mutane ba sa ɗaukar ta abin faɗa. Sai magungunan rage kitse a jini irin su atorvastatin da simvastatin, da giya, da ƙarancin aikin thyroid, ƙwayar nan ta gaban wuya da kumburinta ake kira maƙoƙo. Idan ba gaggawa ba ce, a huta daga aikin ƙarfi kwana biyu zuwa uku, wasu likitocin ma sukan ce mako guda. Amma kada ka daina shan maganinka da kanka. Likitan da ya rubuta shi ne zai ce a tsaya.

Ɗibar jinin kanta ba ta da wuya. Za a ɗaure dantse, a goge wurin, a ɗebi jini kaɗan daga jijiyar lanƙwasar hannu a zuba a kwalba. Ma'aikacin leb zai kula kada ƙwayoyin jinin su farfashe, domin hakan na iya ƙara wa lambar abin da babu. A leb ana juya kwalbar a na'ura har ruwan jinin ya rabu, a fara auna jimillar CK. Idan ta hau kuma ana son sanin asalinta, sai a auna CK-MB shi kaɗai, ko a bi da ruwan jinin ta wata na'ura mai amfani da lantarki da ke jera iri ukun daban-daban. Ba kowane leb ke da wannan ta biyun ba, don haka a tambaya tun kafin a biya kuɗi.

Daga nan sai karanta sakamako. Dubi iyakar da leb ɗin ya buga a gefen lambarka, don kowane leb da tasa. Yawanci iyakar sama ga namiji tana wajen 200 zuwa 300 a ma'aunin U/L, ta mace ba ta kai haka ba. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye: baƙar fata, musamman maza masu tsoka, CK ɗinsu ya fi na Turawa yawa ko da lafiyarsu lau. Saboda haka saurayi majiyin ƙarfi da ya ɗan haura iyaka, ba ya jin ciwon komai, bai kamata ya hana kansa barci ba. Yawanci hutu za a ba shi a sake aunawa.

Idan lambar ta ninka iyaka sau 5, ko ta wuce 1,000, likita zai fara tunanin narkewar tsoka. Ta haura 5,000 kuwa, hankali ya koma kan ƙoda, saboda tsokar da ta lalace tana sakin wani sinadarin, myoglobin, wanda ke cutar da ƙoda, shi ne kuma ke rina fitsari. Mai irin wannan hali asibiti zai kwana, a yi masa ƙarin ruwa, a riƙa duba aikin ƙoda da gishirin potassium. Duk wanda fitsarinsa ya yi duhu bayan atisaye ko aiki cikin zafin rana, kada ya zauna jiran ranar gwaji, ya tafi asibiti a ranar.

Shi kuma CK-MB, idan kasonsa cikin jimillar ya yi yawa, ana zargin zuciya. Yakan fara hawa awa 4 zuwa 6 bayan toshewar jijiyar da ke kai wa zuciya jini, ya kai ƙololuwa wajen awa 24, ya sauka cikin kwana 2 zuwa 3. A yau gwajin troponin, wani sinadarin da ke fita daga tsokar zuciya idan ta ji rauni, ya fi shi inganci a wannan fanni, shi ake fara nema a inda ake da shi, tare da hoton bugun zuciya na ECG.

Mataki na ƙarshe, maimaitawa. Awo ɗaya ba ya isa, domin CK na tsokar jiki yakan kai ƙololuwa ne tsakanin kwana 1 zuwa 3 bayan rauni, sannan ya riƙa raguwa da kusan rabi kowace rana ko biyu. Jinin da aka ɗiba da wuri zai iya fitowa daidai alhali ɓarnar na nan tafe. Idan kuma an huta, an daina allura, amma lambar ta ƙi sauka, likita zai nemi gwajin thyroid, ya sake duba magungunan da kake sha, wani lokaci ya tura ka wurin ƙwararre kan jijiyoyi da tsoka. Ka riƙe takardar awon farko ka tafi da ita, don da ita za a kwatanta ta biyu.