Darasi na 7: Dalma da Zaiba a Cikin Gidajenmu

Duk wanda ya taɓa ɗaga batirin mota ya san nauyinsa. Abin da ya ba shi wannan nauyi shi ne dalma, ƙarfe mai laushi, mai launin toka, wanda ba ya wuyar narkewa. A Kumasi dalma tana ciyar da gidaje da yawa. Masu gyaran batir da masu liƙin lagireto a Suame Magazine, unguwar garejin motoci, da ita suke aiki. 'Yan gwangwan na Dagomba Line suna fasa tsofaffin batura su cire ta su sayar. Sana'a ce ta halak, kuma babu wanda zai ce a bar ta. Sai dai idan magariba ta yi, ƙurar dalma takan biyo mai gida har Aboabo ko Asawase, a jikin rigarsa, da takalminsa, da ƙarƙashin faratansa. Yana yin sallama yaro ya rugo ya rungume ƙafarsa.

A karanta wannan sashe a hankali, kowa ya ɗauki layi biyu.

Ƙwaƙwalwar yaro tana fara ginuwa tun yana ciki. Kafin ya cika shekara 5 ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba. A waɗannan shekaru ne jijiyoyinta suke ta haɗuwa da juna, kuma da wannan haɗuwa yaro yake koyon magana, da riƙe karatu, da zama wuri ɗaya ya saurara. Jiki yana buƙatar sinadarin kalsiyam don wannan aiki. Dalma kuwa ta yi kama da kalsiyam ƙwarai, kamar ɓarawon da ya saka rigar ɗan gida, sai jiki ya buɗe mata ƙofa. Da ta shiga sai ta ɓata saƙon da jijiyoyi ke aika wa juna. Wadda ta rage takan kwanta a ƙashi da haƙora ta yi shekaru masu yawa.

Yaro ya fi babba shiga haɗari. Yana rarrafe a ƙasa, kome ya tsinta sai baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan yaro da babba suka haɗiye dalma daidai wa daida, jikin yaron yana tsotse ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babban zai tsotsa. Hukumar ta kuma ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira shi marar lahani. Mace mai ciki ma abin ya shafe ta: dalmar da ta kwanta a ƙashinta tun tana budurwa takan fito cikin jini lokacin goyon ciki, ta ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi.

Abin da ya sa wannan guba ta fi maciji wuyar sha'ani shi ne yawancin yaran da ta kama ba sa kwanciya ciwo. Suna wasa, suna cin tuwo. Sai an kai su makaranta a ga ana biya musu sura ɗaya mako da mako ba ta zauna ba. Malam ya ce yaro daƙiƙi ne, uba ya ce taurin kai ne, bulala ta biyo baya. A ganina bulala da yawa an yi ta ne a kan yaron da ba shi da laifin kome. Idan gubar ta yi yawa, a nan ne ake ganin ciwon ciki, da taurin bayan gida, da amai, da ƙarancin jini, da yawan kuka, har ta kai ga jijjiga da suma.

Mun ga ƙarshen abin a ƙasar Hausa. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara suna ta mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara ta Najeriya. Mutane suna kawo dutsen zinariya cikin gida suna dakawa suna niƙawa, ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta rufe tsakar gida inda yara ke wasa. Yara sama da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. A nan Gana kuma, Hukumar Lafiya ta ƙasa tare da UNICEF da ƙungiyar Pure Earth sun gwada jinin yara sama da 3,000 a yankunan Accra, Ashanti da Arewa. Fiye da rabinsu an samu dalmar jininsu ta kai ko ta wuce lamba 5, wato ma'aunin da idan an kai shi ake cewa a tashi a nemo inda gubar take fitowa.

Ga wata hira. Mutum biyu su karanta ta, ɗaya ya zama Kaka, ɗaya Malama.

Kaka: Malama, na ji kin ambaci kwalli. Ni da kwalli aka raine ni, da shi na raini 'ya'yana tara. Yanzu kuma jikana zan bari da ido fari fat?

Malama: Allah ya ƙara miki lafiya, Inna. Ai ba kwalliyar ake ƙi ba. Dutsen nan baƙi mai ƙyalli da ake niƙawa, wanda a kasuwa ake ce wa chilo, da yawansa dutsen dalma ne tsantsa.

Kaka: To ai a ido ake sawa, 'yar nan. Wa ya ce ci ake yi?

Malama: Jariri yana murza ido ya tsotsi hannu, Inna. Kuma hawaye yana da 'yar hanya daga ido zuwa hanci, daga nan sai maƙogwaro. Kullum kaɗan-kaɗan, tun daga ranar suna.

Kaka: Ikon Allah. Yaya zan gane mai kyau?

Malama: Ido ba ya ganewa, sai an kai ɗakin gwaji. Shi ya sa muke roƙo a bar idon jarirai haka nan, kada kuma a barbaɗa a cibiya. Mai ciki da mai shayarwa ma su haƙura tukuna.

Kaka: Sai dai ki zo ki faɗa wa kishiyata da bakinki, don ni ba za ta ji tawa ba.

Akwai sauran wurare. Tsohon fenti da ke ɓarewa a bango ko a ƙofa yana iya ƙunsar dalma, yara kuma suna son ɓantararsa. Tukwanen da ake zubawa daga narkakken gwangwan wani lokaci dalma kan shiga cikinsu, miya mai tsami da ta daɗe a ciki kuwa ta fi jawo ta. Hayaƙin wayoyin da ake ƙonawa don cire jan ƙarfe shi ma haka. Tafasa ruwa yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire dalma.

Guba ta biyu ita ce zaiba. Ruwan ƙarfe ce mai ƙyalli kamar narkakkiyar azurfa. 'Yan galamse, wato masu haƙar zinariya ta bayan fage, suna zuba ta cikin yashin da suka wanke, ta kama ƙwayoyin zinariya ta dunƙule. Sai a ɗora dunƙulen a wuta, zaibar ta tashi ta bar zinariya. Tururin nan ba shi da launi, ba shi da wari. Wanda ya yi ƙonon a kurfoti cikin ɗaki, ko a madafar da matarsa ke girki da goyo a baya, ya shaƙar da gidan gaba ɗaya, kuma zaibar tana maƙalewa a bango da tufafi ta ci gaba da tashi bayan an kashe wuta. A babba tana kawo rawar hannu, da mantuwa, da rashin barci, da ciwon ƙoda. A ɗan tayi da jariri ɓarnar ta fi haka nisa.

Zaibar da ta zube a koguna irin su Offin da Pra, ƙwayoyin halitta na cikin laka suna mayar da ita wani nau'i da ya fi dafi. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye ƙarami, gubar tana taruwa a naman babban. Suya ko banda ba sa fitar da ita. Haka ya faru a garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956 bayan wata masana'anta ta daɗe tana zuba zaiba a teku. Uwaye da suka ci kifin, wasunsu lafiyarsu ƙalau a ido, suka haifi yaran da ba su iya tafiya ko magana ba. Da sunan garin aka ƙulla yarjejeniyar rage zaiba ta duniya a 2013, Gana ta amince da ita a 2017. Kada wannan ya sa a daina ba yara kifi, don kifi yana gina ƙwaƙwalwa. A zaɓi ƙananan kifin teku irin su amane, a guji manyan kifaye masu cin 'yan uwansu daga kogunan da ake haƙar zinariya.

Wasu mayukan bilicin ma akwai zaiba a ciki, kuma sau da yawa ba a rubuta ta a jikin kwalba. Tana shiga jinin uwa, tana gogewa a tawul da zanen gado da kumatun jariri.

Yanzu abin yi. Mai aikin batir, fenti, gwangwan ko zinariya ya ware kayan aiki daban, ya tuɓe su a wurin aiki, ya wanke hannu da fuska da sabulu kafin ya taɓa yaro. Takalmin aiki ya tsaya a waje. Kada a haɗa wankin kayansa da na yara. Kada a fasa batir ko a ƙona zinariya a gida, kada kuma a tafi da yaro gareji wai ya koyi sana'a tun yana tatata. A riƙa goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma, domin busasshiyar shara tana tayar da ƙurar ne kawai. A wanke hannun yaro kafin ya ci abinci. Kuma kada a bar shi da yunwa, don cikin da babu kome ya fi tsotsar dalma. Koko da ƙosai da safe, wake, ƙwai, zogale, ganyen kontomire (wato ganyen gwaza) da nono suna ba jiki ƙarfen jini da kalsiyam, sai dalma ta rage samun wuri. Amma madara ba maganin guba ba ce, kamar yadda wasu masu walda suka ɗauka.

Gwajin jini ne kaɗai ke nuna dalma. Ranar awo, ki gaya wa ma'aikaciyar jinya irin sana'ar mai gidanki, ki tambaya inda ake gwajin. Yaron da ya fara jijjiga a garzaya da shi asibiti, a nan Komfo Anokye ne babba. Akwai maganin da ke fitar da dalma idan ta yi yawa sosai, sai dai ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa.

Aikin aji

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku, ka raba su gaɓa-gaɓa: dalma, zaiba, kwalli, ƙwaƙwalwa, sabulu.

Lissafi: a 2020 UNICEF da Pure Earth sun ƙiyasta cewa yaro 1 cikin 3 a duniya yana da dalma mai yawa a jini. Idan aka bi wannan ƙiyasi a makarantar allo mai yara 60, yara nawa ke nan?

Aikin gida: zagaya gidanku, ka rubuta sunan abu uku da aka ambata a wannan darasi da ka gani da idonka, da wurin da kowanne yake ajiye. Ka zo da takardar ranar darasi na gaba.