Yadda Ake Jan Dogon Labarin Soyayya a Kan Mawaƙi

Ƙaga labarin soyayya a kan mawaƙin da yake raye salo ne da ya yi ƙarfi a Wattpad, dandalin wallafa labarai a intanet da aka kafa a Kanada a 2006, inda masoyan ƙungiyoyin mawaƙa na One Direction da BTS suka cika shi da labarai masu ɗaruruwan shafuka. Marubuciyar Gombe da ke son gwada shi da Hausa, tana sakin shafi-shafi a zauren WhatsApp, ya kamata ta fara da tantance abin da za ta ara daga mawaƙin. Muryarsa da shahararsa da irin shigarsa a fagen wasa na jama'a ne, amma matarsa da 'ya'yansa da iyayensa ba su shiga wannan ciniki ba. Jingina wa mutum na gaskiya alfasha ƙazafi ne, wanda haddinsa bulala 80 ne a shari'a, ga kuma dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015. A ganina, sauya masa suna ya fi, domin mai karatu za ta gane shi ko da daga hularsa ce. Idan kuwa an nace sai da sunansa, to a rubuta cewa labarin ƙirƙira ne a saman kowane shafi, saboda shafi na arba'in yakan isa wayar wadda ba ta taɓa ganin na farko ba.

Daga nan sai a nemo rikicin labarin a cikin sana'ar waƙar kanta, kuma a nan ne yawancin masu rubutu suke yin sakaci. A ce mawaƙin ya karɓi kafin alƙalami zai yi waƙar amarya, ya kwana a sitidiyo yana jera kirarin ango, sai da aka aiko masa da hoton da za a ɗora a kan waƙar ya ga yarinyar da yake nema ce. Kuɗin ya riga ya shiga hannun mai kiɗa da 'yar amshi, ranar dina kuma ta matso. Ko kuma a samo dattijo a unguwar Jekadafari ta Gombe wanda ya rantse ba zai ba maroƙi 'yarsa ba, alhali waƙar yaron ce ke tashi a shagon mai cajin waya da ke ƙofar gidansa. Kishin 'yar amshi, da manajan da ke riƙe wayar maigidansa, da lokacin zaɓe da ke raba mawaƙi da surukinsa saboda waƙar siyasa, duk sun isa su riƙe labari watanni ba tare da an nemo hatsarin mota ko aljani ba.

Tsawo shi ne yake kashe irin wannan labari. A tanadi littafi guda a rubuta shekarun kowa, da unguwarsa, da wanda ya san wane sirri, don kada Hajiyar da ta rasu a Bolari ta sake fitowa tana rabon goron ɗaurin aure. A warware ƙulli ɗaya kafin a ɗaura wani. Masu karatu za su yi ta roƙon a haɗa masoyan yau-yau, wasu kuma su ce a kashe kishiya. A saurare su, amma kada a miƙa musu alƙalami.

Baitukan da jarumin zai rera wa budurwarsa, marubuciya ta tsara nata, kada ta kwafo na mawaƙin, musamman idan sai an tura kuɗi ko katin waya ake shiga zauren karatun.