Yadda na sa Python ta karɓi laburaren da na rubuta da C++

Kwana biyu na yi ina fama da abin nan. Na haɗa ɗan laburare (fayil mai ɗauke da ayyukan da wata manhaja za ta iya kira) da C++, ina so in kira shi daga Python ta ctypes (hanyar da Python ke bi ta kira laburaren C) a kan Linux, amma duk gwadawar da na yi sai OSError: "cannot open shared object file". Ga fayil ɗin a gabana, na ma ba da cikakken adireshinsa.

Sai da na nutsu na sake karanta saƙon, na ga ashe ba sunan laburarena ke ciki ba, sunan wani ne da nawa ya dogara da shi. Na buga ldd, umarnin da ke jero laburarukan da fayil ya dogara da su, ga "not found" ɓaro-ɓaro a gefen sunan. LD_LIBRARY_PATH, saitin da ke gaya wa Linux inda za ta nemi laburare, zai iya toshe kafar, amma hankalina bai kwanta da shi ba, don duk wanda zai ɗauki aikin sai ya tuna ya saita shi. Na sake haɗawa da -Wl,-rpath,'$ORIGIN', wato laburarena ya nemi wanda ya dogara da shi a wurin da shi kansa yake, na ajiye fayilolin biyu wuri guda.

Ya buɗu, sai kuma "undefined symbol". Da nm -D, umarnin da ke jero sunayen da ke cikin laburare, na ga sunan auna, aikin (function) da nake son kira, ya koma _Z4aunai, C++ ya cakuɗa shi. Na sa extern "C" a gabansa don C++ ya bar sunan yadda yake, na sake haɗawa, Python ta same shi.