Wane harsashi ya dace da aladen daji? Ga masu gona a kewayen Kumasi

'Yan uwa masu gonar rogo da makani a bayan Kumasi sun san ɓarnar aladen daji, dare ɗaya garke zai shigo ya tone maka wahalar wata shida ya wuce. Mu ba cin namansa muke ba, kare gona ne ya sa ake neman shi. To yanzu samarin Zango suna ta kallon bidiyon mutanen Texas a Amurka suna zaune a gareji suna cika harsashinsu da kansu, su zuba albarushi a kwanso su ɗora kan da suke so, sai kowa ya ce shi ma zai yi. Tsaya tukuna. Can dokarsu ta yarda, a nan Ghana haɗa makami ko harsashi ba izini laifi ne, dan haka mu namu siye ne a wajen dila mai lasisi. Amma abin da su ke dubawa wajen zaɓen kan harsashi shi ne dai abin da kai ma za ka duba a jikin kwali kafin ka biya.

Magana ɗaya ce: harsashin ya shiga ciki sosai kuma kar ya tarwatse a hanya. Alade dabba ce mai fata kauri, kafaɗa cike da ƙashi da tsoka, ga taɓo da ya bushe a jiki, kuma jan aladen kurmi da muke da shi a nan babba zai iya kai kilo 100, gadu na arewa irin na wajen gandun dajin Mole har ya fi haka. Harsashi mara nauyi mai gudun tsiya wanda aka yi dan ƙananan dabbobi yana taɓa kafaɗa zai fashe a sama, ka yi masa rauni kawai, kuma alade mai rauni a cikin duhuwa da haure a baki wallahi ba abokin wasa ba ne, karnuka da yawa sun tafi a haka.

In raifil gare ka, irin .308 ko .30-06, wato lambar girman harsashin da take ci, nemi nauyi tsakanin giren 150 zuwa 180, wato kamar giram 10 zuwa 12. Ni na fi son ɓangaren nauyin. Kan ya zama mai dalma a buɗe a tsini, shi ne ke buɗewa a hankali in ya shiga. Wanda ya fi shi shi ne wanda aka manne dalmar da rigar jan ƙarfen yadda ba sa rabuwa, ko irin Nosler Partition da ake yi tun 1948, an raba cikinsa gida biyu, gaba ya buɗe baya ya ci gaba da turawa. Akwai kuma na jan ƙarfe zalla kamar Barnes TSX, ba dalma sam, kusan duk nauyinsa yake riƙewa shi ya sa ko mara nauyi kaɗan ka ɗauka yana ratsawa, sai dai tsada kuma samunsa a nan sai an sha wuya. Wanda aka rufe kansa ruf da ƙarfe irin na soja kuwa ka bar shi, huda kawai yake yi ya fita ta ɗaya gefen ya tafi inda ba ka sani ba. Na gasar harbin allo ma haka, an yi shi dan takarda ne.

Amma mu faɗi gaskiya, mutum nawa ne ke da raifil a Aboabo ko Asawase? Yawanci bindiga mai baki ɗaya ce, mai faɗin baki lamba 12. Kuma a nan ne ake kuskure, mutum ya ɗauki harsashi mai ƙananan ƙwayoyi irin BB ko AA da yake harbin gyazbi da zabo da su ya ce zai tari alade. Ƙwayoyin sun yi ƙanana, a fata da kitse za su tsaya. Ka nemi mai ƙwaya ɗaya dunƙulalliya, silog, irin Brenneke, nauyinta wajen giram 28 ko fiye, tana aiki har kamar mita 50. In ba ka samu ba sai SG mai manyan ƙwayoyi wajen 9, shi kuma kar ka wuce mita 25 zuwa 30 dan bayan nan watsewa suke. Ka duba tsawon kwanson ya yi daidai da abin da aka rubuta a jikin bindigarka, in bakinta matsattse ne sosai ka tambayi dila kafin ka sa silog. Bindigar maƙera kuwa kar ma ka fara, tana iya fashe maka a fuska.

Kowane ka saya, ka gwada shi a kwali a wuri mai tudu a baya kafin ka shiga daji, dan bindiga biyu ba sa jefa harsashi ɗaya wuri ɗaya. Zuciyar alade tana ƙasa kuma gaba-gaba, tsakanin ƙafafun gaba, ba can baya inda ake harbin barewa ba, to ka saita dab da kafaɗa ƙasa-ƙasa. Kuma dan Allah kar ka harbi motsin ganye, sai ka ga dabbar da idonka, gonakin koko cike suke da mutane tun asuba.

Sai takardu. Lasisin bindiga wajen 'yan sanda ake yi kuma duk shekara ake sabuntawa, na farauta kuma wajen sashen namun daji na hukumar gandun daji. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta, gyazbi kaɗai aka bari shi ma da lasisi, dan haka in garke ya dame ka a wannan tsakanin ka kai musu ƙara ofis. Uwa mai 'ya'ya da ƙananan ba a taɓa su ko an buɗe.