Darasi na 7: Yadda Ake Magana da Mai Ciwon Waswasi

Kowa yakan yi kokwanto jefi-jefi, ko ya kulle ƙofa ko bai kulle ba, amma akwai waswasin da ya zama ciwo, wanda likitoci suke taƙaita sunansa da haruffan OCD. Wani tunani mai tayar da hankali ne yake ta faɗo wa mutum ba da son ransa ba, sai ya ji ba shi da sukuni har sai ya maimaita wani aiki, kamar wanke hannu ko sake alwala ko komawa duba kwaɗon shago. Idan abin yana cinye masa fiye da awa 1 a kowace rana, ko yana hana shi sana'a da zama cikin jama'a, to ya kai matsayin ciwo. Yakan sami kusan mutum 2 cikin 100, kuma yawanci yana farawa ne tun lokacin samartaka ko kafin haka.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne yadda ciwon yake shiga cikin magana. A ce wani tela ya tashi daga shago tare da ƙanensa. Suna isa gida sai ya ce, "Ka ga na kashe dutsen guga?" Ƙanen ya ce, "Ka kashe, Yaya, a gabana ka zare shi." Ba a gama cin tuwo ba sai ya sake cewa, "Da idonka ka gani, ko zato kake yi?" Kafin a kwanta ya yi tambayar sau shida. Telan ya ji amsar tun farko, kuma bai ɗauki ƙanensa maƙaryaci ba. Kwanciyar hankali yake nema, kowace amsa kuwa takan sanyaya masa rai na 'yan mintoci ne kawai, sannan kokwanton ya dawo da ƙarfinsa. Saboda haka yawan amsawa, duk da cewa tausayi ne ya kawo shi, ciyar da ciwon yake yi.

Wani kuma tsoron yin ƙarya ne yake damunsa, har labarin da bai wuce jimla biyu ba ya ja shi da tsawo, yana gyara lokaci yana gyara adadi, mai sauraro ya gaji. Wani neman gafara yake yi a kan laifin da babu shi. Akwai wanda ana hira yana ƙirge a zuci, a yi masa magana bai ji ba, akwai kuma wanda yake ƙin miƙa hannu a gaisa don tsoron ƙazanta. A wurinmu da gaisuwa take da nauyi, nan da nan ake ce wa irin wannan mai girman kai, alhali ya san ladabi sarai, ciwon ne ya tare masa hanya.

Abin yi shi ne a zauna da shi a lokacin da hankalinsa yake kwance, a yi yarjejeniya cewa za a amsa tambaya sau ɗaya. Idan ya maimaita, sai a ce cikin taushin murya, "Yaya, na riga na amsa maka. Na san abin yana damunka, zo mu zauna har ya lafa." Ba a yi masa tsawa, ba a yi masa ba'a, ba a kuma janye amsa gaba ɗaya a rana guda, da sannu ake ragewa. Shi ma zai iya gwada jinkirta tambayar na minti 10, domin fargabar takan sauka da kanta idan ba a biye mata ba. Wanda waswasinsa ya shafi salla ya tuna abin da ya zo a littafin Ahalari, cewa mai waswasi ya bar waswasin, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kansa, sai dai ya yi sujada bayan sallama.

Ciwon yana da magani. Akwai horon da masana halayyar ɗan Adam suke yi, inda mutum zai fuskanci abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan ba tare da ya maimaita aikin ba, akwai kuma ƙwayoyin da likita yake rubutawa, waɗanda sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga cikakken amfaninsu. Ana samun likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin tarayya na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Aikin aji: ku zauna biyu-biyu, ɗaya ya zama telan, ɗaya ya zama ƙanensa, sannan ku yi musanya. Bayan haka kowa ya rubuta a littafinsa jimla biyu da zai faɗa idan aka yi masa tambaya ɗaya a karo na uku.